Layin Dogo A Kwance, Ma'aikata A Ƙasa: Tashar Challawa Da Jiran Jirgin Cikin Gari A Kano

Ana idar da sallar Asuba titin da ya ratsa Sharaɗa ya nufi Panshekara yake farkawa. Gari bai gama wayewa ba, amma bakin hanya ya riga ya cika: samari da jakar goyo, magidanta sun naɗe wuya saboda sanyin hunturu, mata cikin hijabi kowace da kular abincinta a hannu. In Adaidaita Sahu ya tsaya, mutum shida ne za su yi kansa. Uku su shige baya, ɗaya ya raɓa gefen direba, sauran su koma jira.

Wanda ya gaji da tsayuwa ya kama ta ƙafa. Wani ya tsai da mai babur ya roƙi ragin hanya. Wasu su ɗare bayan a-kori-kura da ta sauke kaya za ta koma.

Kowa sauri yake, don ƙofar kamfani ba ta san uzuri ba. Wanda ya makara ya san abin da ke jiransa: ko a zaftare wani abu daga kuɗin ranar, ko kuwa, in ɗan aikin yini ne, mai gadi ya leƙo ya ce masa an riga an cika, sai gobe.

Ba nisa da wannan turereniya akwai wata hanya da ba kowa a kanta sai awaki da yara masu yanke zuwa makaranta. Ƙarfe biyu ne a miƙe, ciyawa ta tsiro a tsakaninsu. Shi ne layin dogon da ya taso daga Legas, ya ratsa Zariya, ya yada zango a Challawa, ya bi ta gefen Sharaɗa ya shiga babbar tashar Kano. Daga can wani reshe ya fita ta yankin Bompai ya nufi Nguru.

Wato manyan rukunan masana'antun Kano guda uku, Challawa da Sharaɗa da Bompai, a zare ɗaya suke kamar 'ya'yan carbi. Amma akasarin waɗanda ke tsaye a bakin titin nan ba su taɓa sayen tikitin jirgi don zuwa aiki ba.

Jirgin da ya zo don gyaɗa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga jama'a a shekarar da ta biyo baya. Turawan mulki auduga suka hango, saboda masaƙunsu na Ingila. Manoman ƙasar Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Ba a jima ba buhuna suka fi ƙarfin taragu, har aka riƙa jibge su dala-dala. Dalar gyaɗar nan da muke alfahari da ita a tsofaffin hotuna, in aka bi diddigi, kaya ne da suka yi layi suna jiran jirgi.

A 1930 aka kammala reshen Nguru. Bompai, wadda ita ce babba a cikin ukun, ta girma ne a gefen wannan reshe: injinan matse man gyaɗa, majemu, kamfanonin turare da na alewa, daga baya na fulawa da na haɗa kekuna. Wasu ma an ja musu guntun layi har cikin haraba, don tarago ya shiga a yi lodi.

Ita kuwa Challawa ruwa ne ya fara jawo hankali gare ta. A bakin koginta aka kafa wa birnin gidan ruwan famfo da injin lantarki a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, Bompai ta yi kaɗan, sai aka yanka Sharaɗa kashi uku, aka kuma buɗe Challawa ga manyan majemu da masaƙu da kamfanin lemo, waɗanda ke buƙatar fili da ruwa mai yawa.

A duk wannan tsari, kaya aka yi wa tanadi. Ba a kawo leburan da zai ɗaga buhun cikin lissafi ba, kuma a lokacin bai damu ba. Gidansa na Tudun Wada ko Gama ko Dakata, Bompai na bayan katangarsa. Keke ya ishe shi. Waɗanda suka yi aiki a wancan zamani har yau suna ba da labarin yadda titi ke cika maƙil da kekuna in an tashi.

Gari ya miƙe ƙafa

Kanon yau ba ta keke ba ce. Birni da kewaye sun mamaye ƙananan hukumomi takwas, kuma ƙiyasi na nuna mazauna sun haura miliyan huɗu. Kuɗin haya ya kori mai ƙaramin ƙarfi daga tsakiya zuwa gefe: Bachirawa, Rijiyar Lemo, Rimin Kebe, Gunduwawa, Mariri, Ɗorayi, Gaida. Ba a zaɓar aiki don yana kusa da gida. Inda aka samu nan ake kamawa. Sai ka ga mutumin Kurna yana aikin jima a Challawa, mutumin Sheka yana aikin roba a Bompai, kullum suna saɓani a tsakiyar gari.

Gwamnatocin da suka gabata da mai ci sun amsa wannan da gadoji. An yi ta Ƙofar Nasarawa, an yi ta Sabon Gari, an yi ta Dangi da ta Hotoro, an yi ta ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya da mahaɗar Madobi da Panshekara, aka kuma shiga aikin Ɗan'agundi da Tal'udu. Ba mai musun cewa sun sassauta cunkoso a wuraren. Sai dai gada mota take rabawa da mota. Ba ta rage wa fasinja ko sisi a kuɗin da zai biya.

Abin hawan talaka kuwa ya sha sauyi. Motocin hayis da suka riƙe manyan hanyoyi sun yi ta raguwa, acaɓa ya mamaye gari. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta haramta acaɓa. Babur mai ƙafa uku, wanda gwamnatin Ibrahim Shekarau ta shigo da shi tun farko don ɗaukar mata, har ya gaji sunan shirinta na A Daidaita Sahu, shi ya cike gurbin.

Tun daga nan birni mai miliyoyin mutane ya rataya a wuyan abin hawan da ke ɗaukar mutum uku zuwa huɗu.

An ga haɗarin haka sau biyu a jere. A Fabrairun 2021, sannan a Janairun 2022, 'yan Adaidaita suka tafi yajin aiki kan kuɗaɗen da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA ke karɓa. Gari ya tsaya cik. Ɗalibai suka rasa jarrabawa, kasuwanni suka yi fayau, ma'aikata suka yi ta zabga tafiyar sa'o'i a ƙasa. A Yulin 2022 kuma aka hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda tsaro. Ga mai zaman ofis wannan ba komai ba ne. Ga wanda ke tashi daga aikin yamma ƙarfe goma daidai, ko wanda dole ya karɓi inji ƙarfe shida na safe, ma'anarsa ita ce ya kwana a kan kwali a harabar kamfani.

A ƙarshen 2022 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta fito da manyan motocin Kanawa guda 100, ta kuma hana Adaidaita bin wasu manyan tituna. Jama'a suka yi ca, aka janye hanin cikin gaggawa. Motoci ɗari ba sa ɗaukar Kano.

Lissafin ƙarshen wata

Daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, maganar ta tashi daga ta wahala ta koma ta yunwa. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Ɗan sahu ya ƙara kuɗi, don shi ma balas na jiransa da yamma wurin mai babur.

Mu yi lissafin cikin gida. Mu ƙaddara ma'aikaci yana hawa biyu kafin ya isa wurin aiki, kowanne Naira 300. Zuwa da dawowa 1,200 ke nan. A kwana 26 na aiki ya kama 31,200. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 Naira 71,000 ne. Fiye da kashi 40 cikin 100 ya tafi a hanya, ba a sayi kwanon masara ba, ba a biya haya ba. Kuma da yawa daga masu aikin yini a kamfanoni ba sa ma ganin wannan adadi.

Shi ya sa dabaru suka yi yawa. A hau rabi a taka rabi. A haɗa kuɗin mai a hau babur ɗaya mutum uku. A bar iyali a unguwa a kama ɗakin gwauraye a Panshekara, a riƙa komawa gida ranar hutu. Kekuna ma sun dawo.

Mata sun fi jin jiki. Su ne ke cika rumfunan tsince riɗi da zoɓo da ɗakunan shirya kaya a kwali, inda ake biya da yawan abin da hannu ya yi. Ba su da damar ɗarewa bayan mota, ba kowace ce za ta roƙi baƙo ragin hanya ba, tafiyar ƙasa da duhun asuba kuwa ba mijin da zai yarda da ita. Da yawa in suka auna kuɗin mota da abin da ake ba su, sai su ga zaman gida ya fi.

Masu kamfanoni ma abin bai bar su ba. Manya daga cikinsu suna da motocin kwasar ma'aikata, amma wannan ɗawainiya ce kan ɗawainiya: ga dizal na janareta, ga dizal na bas. Ƙanana ba su da wannan hali, sai dai su haƙura da makara da fashi. Inji kuwa ba ya jira. In masu karɓar aiki ba su cika ba, ko dai a riƙe waɗanda suka kwana a kai, ko a kashe shi.

An taɓa gwadawa

Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, jirgin cikin gari ba baƙon Kano ba ne. A farkon shekarun 2010, lokacin da ake gyaran tsohon layin Legas zuwa Kano, wanda ya dawo aiki a Disambar 2012, Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta sanya jirgin jigila tsakanin Kano da Challawa, yana kai da kawowa 'yan lokuta a rana. Tazarar kilomita goma sha wani abu ce. Tashar Challawa, wadda aka gina don jiragen nesa su tsaya su wuce, ta ɗan ɗanɗana zama tashar masu zuwa aiki.

Bai ɗore ba.

Duk wanda ya san zamanin zai gane irin gasar da jirgin ya shiga. Litar mai Naira 65 ce, daga baya 97. Ɗan acaɓa zai ɗauke ka daga ƙofar gida ya dire ka a ƙofar kamfani da 'yan canji. Wa zai taka zuwa tasha ya jira? Ga shi layin ƙwaya ɗaya ne, in jirgi na tafiya wani ba ya tahowa sai sun haɗu a inda akwai wurin kaucewa. Kawunan jirgin tsofaffi ne, kuma hukumar da ke fama da dogon layi mai sama da kilomita 1,100 ba za ta fifita guntun zango ba.

Yau biyu daga cikin waɗannan dalilai sun kau. Acaɓa ba shi da izini, mai kuma ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Sauran biyun, layi ɗaya da tsohon inji, matsalar kuɗi ce, kuma ba kuɗin da ya kai na abin da aka yi ta alƙawari ba.

Hangen Dala

A 2016 gwamnatin Ganduje ta rattaba hannu da wani kamfanin gine-ginen jiragen ƙasa na Sin kan jirgin zamani na cikin birni: layuka huɗu, kimanin kilomita 74, a kan Dala biliyan 1.85. Aka nuna zane-zane, aka yi jawabai. A 2020 maganar ta sake tasowa da batun rancen da ya haura Yuro miliyan 680 don kashin farko. 'Yan adawa da ƙungiyoyin farar hula suka ce bashi ne da jikoki za su biya, magoya baya suka ce gari irin Kano ba zai zauna ba jirgi ba. Har gwamnatin ta sauka a 2023 ba a shimfiɗa ƙarfe ko ɗaya ba.

A 2025 gwamnatin tarayya ta sake sanar da tanadin kuɗi don jirgin cikin gari a Kano da Kaduna. Fatan kowa Allah Ya sa a gani a ƙasa. Amma Bakano ya daɗe da sanin cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne.

A gefe guda, akwai aikin da ake gani da ido. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da layin Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a hannun kamfanin Mota-Engil. A Yulin 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Zawaciki a ƙaramar hukumar Kumbotso ya aza harsashin layin Kano zuwa Kaduna, mai ɗan sama da kilomita 200. A Zawacikin ne kuma aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Janairun 2023. Duk wannan a maƙwabtan Challawa yake.

Sai dai waɗannan layuka masu faɗi ne, irin na zamani, tsohon kuwa siriri ne, jirgin wannan ba ya hawa kan wancan. Kuma an tsara su ne don kwantena da matafiyin nesa. Idan ba a yi hattara ba, tarihin 1911 ne zai maimaita kansa: jirgi ya zo don kaya, ya wuce lebura a bakin hanya yana ɗaga wa ɗan sahu hannu.

Gani ga wane

Garuruwan da suka riga mu sun bar darasi iri biyu, kuma na Abuja ya fi kusa da mu. An buɗe jirgin cikin garinta a Yulin 2018 da tasoshi masu kyan gani. Matsalar ita ce yawancinsu suna daji, nesa da inda mutane suke kwana, wasu ba su da ko titin shiga. Jirgin ya yi ta yawo kusan wayam, annobar korona ta tsayar da shi a 2020, sai a Mayun 2024 aka sake buɗe shi bayan an yi hanyoyin shiga tasoshin, aka kuma fara da ɗaukar mutane kyauta.

A Addis Ababa ta Habasha, jirgin da aka buɗe a 2015 ya samu fasinja har ya rasa inda zai sa su, amma rashin kayan gyara ya kwantar da taragu masu yawa. Saye ba shi ne wuya ba, riƙo ne.

Legas ta bi hanya biyu. Shuɗin layi daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, an fara aikinsa tun wajen 2010 amma sai Satumbar 2023 ya ɗauki fasinja. Jan layi daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, an ɗora shi ne a kan hanyar jirgin tarayya da ke nan tun da, aka gina tasoshi da gadojin tsallake layi, ya fara aiki a 2024 cikin lokaci ƙasa da na ɗan'uwansa nesa ba kusa ba. Dakar ta Senegal ma da ta buɗe jirginta zuwa Diamniadio a Disambar 2021, tsohuwar hanyar jirgin zamanin Faransa ta bi, kuma yau dubun-dubatar mutane ke hawansa kullum.

Ko nan Arewa, bayan cire tallafin mai, gwamnatin Filato ta haɗa hannu da hukumar jiragen ƙasa aka farfaɗo da jirgin Jos zuwa Bukuru a kan tsohon siririn layi, irin wanda ke kwance a bayan Sharaɗa.

Doka ma ta buɗe ƙofa. A Maris na 2023 aka yi wa tsarin mulki gyaran da ya cire harkar jiragen ƙasa daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Jiha yanzu ba ta da hujjar cewa hannunta a ɗaure yake.

Tasha ba gini ba ce

In aka ce tashar jirgi, abin da ke zuwa ran ɗan siyasa shi ne bene mai gilasai da za a yanke ƙyalle a gabansa. Ma'aikaci ba wannan ya dame shi ba. Tambayarsa uku ce: ƙarfe nawa, nawa ne, kuma in na sauka yaya zan ƙarasa?

Lokaci shi ne kan gaba. Kamfanoni da dama suna canjin aiki ne safe da yamma, wasu sau uku a yini. Jirgin da zai iso Challawa ƙarfe tara na safe bai amfani kowa ba, ko da kyauta ne. Wanda ya zo yau bai zo gobe ba ya fi shi muni, domin mutum sau ɗaya zai rasa kuɗin yini saboda jirgi, ba zai sake amincewa da shi ba. Jadawalin dole a zauna da ƙungiyar masu masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago a tsara shi, a kuma lura da lokutan salla, musamman Juma'a da watan azumi, da gari ke sauya takunsa gaba ɗaya.

Kuɗi kuma dole ya gaza na Adaidaita a fili, ba da ɗan kaɗan ba. A nan ne kamfanoni za su shigo: maimakon kowa ya riƙe bas ɗinsa, su sayi tikitin wata ga ma'aikatansu a dunƙule. Wannan zai ba jirgin kuɗin shiga tabbatacce, abin da jiragen cikin gari suka fi rasawa.

Na uku shi ne wanda ya kayar da Abuja. Rukunin Challawa faɗi gare shi, haka Sharaɗa. Daga bakin layi zuwa ƙofar wani kamfanin tafiya ce mai nisa. Tashar da ba ta da filin da 'yan sahu za su jira, da rumfar ajiye kekuna mai mai gadi, da fitila, da hanyar da ba ta zama kududdufi da damina, rabin tasha ce. A ƙara da ɗan masallaci, da bayi mai ruwa, da tarago na mata, wanda a Kano ba ado ba ne, sharaɗi ne in ana son su hau. Masu shayi da ƙosai ba sai an gayyace su ba, su za su riga kowa zuwa. A dai ware musu wuri tun farko kafin su ware wa kansu a kan layi.

Duk wannan dandamalin siminti ne da rumfar kwano. Ba ya buƙatar rancen Yuro.

Ba kowa ke murna ba

'Yan Adaidaita suna da dalilin fargaba. Tarago ɗaya na iya ɗaukar abin da babur ashirin ko fiye ke ɗauka, jirgi mai tarago takwas kuwa ya kwashe na ɗari da sittin ko fiye a tashi guda. Sana'ar nan ita ke ciyar da dubban gidaje, ciki har da na waɗanda masaƙu suka sallama da na masu digiri da ba su samu aiki ba. Hujjarsu ita ce, kada a gyara wa wani a ɓata wa wani.

Amsar da masu goyon bayan jirgi ke bayarwa ita ce, dogon zango dama ba ya yi wa ɗan sahu riba: mai ya ƙone a cunkoso, babur ya gaji, ya dawo wayam. Gajeren zango daga unguwa zuwa tasha, daga tasha zuwa kamfani, shi ne mai juyi da yawa. Hujja ce mai ƙarfi, amma ba za ta shiga kunne ba sai in an kira shugabanninsu tun ranar farko, ba ranar da aka zo kora ba.

Akwai kuma waɗanda suka mayar da gefen layi gida da kasuwa. Shekaru da dama jirgi na wucewa jefi-jefi, sai rumfuna da gareji da katangu suka matso, bola ta taru, aka buɗe hanyoyin tsallakawa barkatai. Jirgin da zai riƙa wucewa sau goma a yini cikin unguwa mai cike da yara ba abin wasa ba ne. A Maris na 2023 jirgi ya yi awon gaba da bas ɗin ma'aikatan gwamnati a mahaɗar layi a Ikeja, aka rasa rayuka. Shinge da ƙofofin tsallakawa masu mai gadi su ne za su ci mafi yawan kuɗin wannan aiki, tashin mutane kuwa shi ne zai ci mafi yawan haƙuri. Wanda ya zauna shekara talatin a wuri, ko da ba bisa ƙa'ida ba, ba a tashinsa da katafila da asuba a ce an yi adalci.

Sai masu cewa duk wannan ɗora kaya ne kan jakin da ya mutu. A ganinsu, Kano ta taɓa yin tinƙaho da ɗaruruwan masana'antu, yau da yawa sun zama rumbunan ajiye kayan waje, masaƙu sun yi shiru, abin da ke kashe sauran kuwa wuta ce da tsadar dizal da kayan fasa-ƙwauri, ba kuɗin motar lebura ba. A gyara lantarki tukuna.

Gaskiya ne wuta ce babbar cuta. Amma wanda ya tsaya a Ja'en ƙarfe shida da rabi na safe ya san rukunan nan ba su mutu ba. Majemu na aiki, kamfanonin roba da tabarmi da takalma na aiki, injinan casar shinkafa sun ƙaru. Kuma layin ba ma'aikatan kamfani kaɗai zai ɗauka ba. Babbar tashar Kano 'yar tafiya ce daga Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari. Ɗan kasuwar Panshekara, da ɗalibi, da mai zuwa asibiti, su za su cika taragun da rana bayan ma'aikata sun sauka.

Ni dai a nawa ganin, kuskuren da aka daɗe ana yi shi ne ɗaukar maganar a matsayin zaɓi tsakanin jirgin biliyoyin Dala da babu. Hanya mafi tsada a kowane aikin jirgin birni ita ce samun filin da zai bi, ga Kano kuwa an bar mata shi gado tun fiye da shekara ɗari, ya kuma bi daidai ta inda ake buƙata. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kira a nan ga gwamnatin jihar Kano da Hukumar Jiragen Ƙasa da ƙungiyar masu masana'antu ne: kafin a sake nuna mana zanen wata sabuwar tasha, a gyara layin daga Jogana zuwa Challawa, a kafa rumfunan tsayawa a Dakata da Bompai da Sharaɗa, a sa jirgi ya isa Challawa kafin bakwai na safe ya kuma dawo da mutane bayan an tashi, a riƙe shi shekara guda ba fashi, sannan a ƙirga waɗanda suka hau.